Wurin wasan Disney ya lalace ne, ko idona ne ya canza?

Wata Hajiya mazauniyar Amurka ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Shekarun baya mun kai yara Disney World da ke jihar Fulorida, wurin tas kamar an lashe. Da muka koma bara sai na ga fenti ya ɗaye a wurare, banɗaki ba kamar da ba, abin hawa biyu suka tsaya muna kan layi, ga kuɗin shiga ya yi tashin gwauron zabi. Yanzu yaran ƙanwata za su zo hutu daga gida, sun nace sai an kai su. Idona ne ya canza ko wurin ne ya lalace? Kuma mutanen da fenti ya gagare su, ta yaya zan yarda da ƙarfen da zan ɗora 'ya'yan mutane a kai?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Idonki lafiyarsa ƙalau, kuma ba ke kaɗai kika lura ba. A watan Nuwamba na 2022 jaridar Wall Street Journal ta kawo alƙaluman wani shafi da ke bibiyar tsayawar abubuwan hawa, inda ta ce daga 2018 zuwa 2022 tsayawar ba-zata ta ƙaru da kashi 58 cikin ɗari a Disneyland ta Kalifoniya, da kashi 42 a Disney World. Kamfanin bai yarda cewa ingancin injinansa ya ragu ba, amma duk mai zuwa wurin a kai a kai ya ga abin da kika gani. A 1971 da aka buɗe Magic Kingdom, wurin wasa na farko a cikin Disney World, dala uku da rabi babba yake biya ya shiga. A 2015 tikitin yini ɗaya ya haura dala 100, a ƙarshen 2022 kuma ya kai dala 189 a ranakun cunkoso. Wanda ya biya wannan kuɗi yana da haƙƙin ya ƙirga kwan fitilar da ya mutu.

Tambayarki ta biyu ce mai nauyi, kuma a kanta zan fi daɗewa, domin aikina ke nan, kula da injina. Mai fenti daban, makanikin da ke duba birki daban, kuma ba daga aljihu ɗaya ake biyansu ba. Saboda haka fenti da ya ɗaye bai nuna cewa noti ya kwance ba. Sai dai mutum ɗaya ne a sama yake yanke wa kowannensu kasafinsa, kuma ran da ya fara kallon gyara a matsayin ɓarnar kuɗi, da fenti yake farawa saboda shi ne ba ya kashe kowa. Abin tambaya shi ne ko almakashin ya tsaya a nan.

Bari mu fara kawar da batun tsayawar abin hawa, don shi ya fi tsorata mutane alhali shi ne mafi ƙarancin abin tsoro. Jirgin nan mai hawa da gangarowa a guje, an raba titinsa gida-gida, kuma doka ce a cikin kwamfutar da ke tafiyar da shi cewa jirgi biyu ba za su taɓa shiga gida ɗaya a lokaci guda ba. Akwai na'urori a gefen titin da ke shaida wa kwamfuta cewa jirgi ya wuce. Idan guda ɗaya ta yi shiru, ko biyu suka saɓa wa juna, kwamfutar ba ta tsayawa bincike, birki take kamawa ko'ina. Birkin kuma an ƙera shi ne yadda iska ko wuta ke buɗe shi, in wuta ta ɗauke sai ya rufe da kansa. Hular yaro da ta faɗa kan titi, ko fasinjan da ya daɗe bai sauka ba har jirage suka taru a baya, ko tsawa a sararin Fulorida da damina, duk suna iya tsayar da komai. Sababbin abubuwan hawa irin Rise of the Resistance, wanda aka buɗe a ƙarshen 2019, motocinsu ba su da titin ƙarfe ma, kwamfuta ce ke jan su, ga lif ga allunan hoto ga mutum-mutumi masu motsi, kuma dole kowanne ya amsa a kan daƙiƙarsa. Yawan sassa, yawan abin da zai iya ƙin amsawa. Injin da ya tsaya ya yi abin da aka gina shi ya yi. Ni wanda ke hana ni barci shi ne injin da ke ƙara, kowa yana ji, aka bar shi yana tafiya.

Wannan ya taɓa faruwa, a Disneyland ta Kalifoniya, kuma labarin a rubuce yake a rahoton hukuma.

Tun da Walt Disney ya buɗe wurin a watan Yulin 1955 aka san shi da tsananin tsafta da gyara. Tsofaffin ma'aikata suna ba da labarin yadda ake canza kwan fitila tun bai mutu ba, da yadda masu fenti ke bin bayan baƙi da daddare su shafe inda hannu ya goge. Kowane abin hawa yana da makanikansa da suka shekara a kansa, sun san kukansa kamar yadda uwa ta san kukan jaririnta. A tsakiyar shekarun 1990, zamanin da Michael Eisner ke shugabantar kamfanin, aka naɗa Paul Pressler ya riƙe Disneyland. Mutumin daga ɓangaren shagunan sayar da kaya ya fito, ya iya ciniki ƙwarai, riba kuma ta hau a hannunsa. A 1997 aka ɗauko kamfanin ba da shawara na McKinsey ya duba sashen gyara. Kamar yadda jaridar Los Angeles Times ta fallasa daga baya, shawarar ita ce a rage kuɗin sashen da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, a rage ma'aikata, a mayar da akasarin makanikai aikin dare, a kuma daina ajiye su a kan inji ɗaya, a riƙa juya su duk inda ake buƙata.

A takarda babu abin da ya fi wannan ma'ana. Wurin a rufe yake da dare, to me zai sa a biya makaniki da rana yana zaune? Amsar ita ce makanikin rana ba zaune yake ba, saurare yake yi. Inji ba ya faɗin ciwonsa sai yana ɗauke da kaya, ya yi zafi, yana gudu. Wanda ya zo ƙarfe biyun dare ya tarar da shi a sanyaye, rahoton da aka bar masa a takarda kawai zai bi. Sannan da yawa daga cikin tsofaffin hannu, masu iyali da shekaru, suka ce ba za su iya kwanan zaune ba, suka ajiye aiki. Jaridar ta kawo wani zance da ke nuna inda tunanin ya karkace: wani daga cikin masu ba da shawarar ya tambayi wani tsohon shugaban makanikai dalilin da ya sa ake duba ƙarfen da ke danne cinyar fasinja kowace rana alhali bai taɓa lalacewa ba. Tsohon ya ce masa ai saboda ana dubawa kullum ne bai taɓa lalacewa ba.

A nan ya kamata in yi wa masu shawarar adalci kaɗan, domin dabarar da suka kawo ba shirme ba ce. Daga harkar jiragen sama ta fito, injiniyoyin United Airlines ne suka tsara ta a rubuce a 1978, kuma ita ce ta sa jirgin sama ya zama abin dogaro. Cewa take ba kowane sashe ne ya cancanci a kwance shi a kan jadawali ba. Wani sashen, yawan kwance shi ma ke jawo masa lalacewa. Sai a zauna a tambayi kowane ƙarfe: in ka karye, me zai faru? Wanda karyewarsa ba ta cutar da kowa, kamar kwan fitila, a bar shi ya mutu sannan a canza. Wanda rai ke rataye da shi, a ninka sa ido a kansa. Matsalar ita ce wannan tantancewa aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, kuma sai da tsofaffin makanikai ake yin sa. Idan manaja ya ɗauki rabin farko na dabarar, wato a bar abu sai ya mutu, ya watsar da rabi na biyu, ya kuma sallami mutanen da suka san bambancin, to sunan dabarar kawai ya rage.

Ranar 24 ga Disamba 1998, jirgin ruwan wasa mai suna Columbia yana matsowa bakin gaɓa da sauri fiye da kima, aka jefa igiya aka ɗaure shi. Ƙarfen da ake ɗaura igiyar a jikin jirgin ya tumɓuke, ya yi tsalle cikin masu jiran layi. Wani magidanci ya rasu, matarsa da ma'aikaciyar wurin suka ji munanan raunuka. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Kalifoniya ta gano cewa ba a horar da wadda aka sa a wurin yadda ya kamata ba, ta ci tarar kamfanin dala 12,500. Wannan hatsari na cikin abin da ya sa jihar ta yi doka a 1999 da ta ba hukuma ikon duba injinan wuraren wasa na dindindin.

Sai 5 ga Satumba 2003, a jirgin Big Thunder Mountain. Wata ƙaramar taya da ke riƙe kan jirgin daga ƙarƙashin titi ta fita, kan jirgin ya ɗaga a cikin rami, ya bugi rufi, ya faɗo kan taragon farko. Saurayi ɗan shekara 22 ya rasu, mutum 10 suka ji rauni. Binciken hukuma ya nuna ba a ɗaure notuna biyu yadda ya kamata ba, ba a kuma sa musu wayar tsaro ba. Wannan waya siririya ce, ana zura ta ta hujin kan noti a murɗe ta a ɗaure da maƙwabcinsa, yadda in ɗaya ya so kwancewa sai ya ja wayar ta ƙara tamke shi. Aikin 'yan mintoci ne, kuma mai dubawa da ido kawai zai gane ko an sa ko ba a sa ba. An sa hannu a takarda cewa jirgin ya shirya alhali ba a kammala ba. Masu tafiyar da shi kuma sun ji baƙuwar ƙara tun wajen rabin awa kafin hatsarin, suna shirin cire shi daga layi, amma ba a koya musu cewa ƙara irin wannan tsayawa take nufi nan take ba. Kamfanin ya amsa laifinsa.

Ki lura da kwanakin, Hajiya. An yanke shawarar a 1997. Pressler ya samu ƙarin girma, ya riƙe dukkan wuraren wasan kamfanin, sannan a 2002 ya tafi ya zama shugaban kamfanin tufafi na Gap. Hatsarin Big Thunder Mountain ya zo shekara guda bayan tafiyarsa. Ban ce shi ya kwance notin ba, kuma kamfanin ya musanta cewa rage kuɗi ne ya jawo hatsarin. Abin da nake nuna miki shi ne yadda lissafin gyara yake a ko'ina: kuɗin da aka tsimi yana bayyana a rahoton wata uku masu zuwa, da sunan wanda ya tsime shi, ɓarnar kuma sai bayan shekara biyar ko shida, a kan teburin wani. Kamar gidan ƙasa ne da aka tsallake yaɓensa. Damina ta farko ba abin da zai faru, ta biyu ma haka, maigida har ya fara ganin masu yaɓe duk shekara ba su da wayo, ranar da katanga za ta zauna kuwa ruwan da aka yi bai fi na kullum ba.

Bayan hatsarin 2003 an canza shugabanci a Disneyland. Matt Ouimet ya karɓa, aka bi wurin da fenti da gyara gabanin bikin cika shekara 50 a 2005, aka sake shimfiɗa titin jirgin wasan Space Mountain gaba ɗaya bayan rufe shi fiye da shekara biyu. Wato abin yana gyaruwa idan an ga dama.

To me ya faru a Fulorida a 'yan shekarun nan? A ganina abu uku ne suka haɗu, kuma na farkon ya fi sauran. Annobar korona ta sa an rufe Disney World daga tsakiyar Maris zuwa Yulin 2020, Disneyland kuma sama da shekara guda. Kamfanin ya sanar da sallamar ma'aikata 28,000, daga baya adadin ya kai 32,000, akasarinsu daga ɓangaren wuraren wasa. An dawo da mutane da yawa, an ɗauki sababbi, amma wanda ya shekara ashirin yana sauraron famfo ɗaya ba a maye gurbinsa da takardar ɗaukar aiki. Sabon yaro zai bi littafi daidai, littafin ne bai ƙunshi cewa wannan injin yakan canza murya kwana biyu kafin ya tsaya ba. Ga shi inji ya fi lalacewa a zaune fiye da yana aiki: roba ta bushe, giris ya daskare, laimar Fulorida ta shiga wayoyi.

Na biyu, lokaci. Wurin a buɗe yake kowace rana ta shekara, Magic Kingdom kaɗai an ƙiyasta ya karɓi baƙi kusan miliyan 21 a 2019. Duk wankin titi, fenti, walda, canjin taya da gwajin safe, a tsakanin fitar baƙo na ƙarshe da shigowar na farko ake yin su. Yanzu ana sayar da bukukuwan dare na musamman da tikiti daban, ana kuma shigar da masu kwana a otal-otal ɗin kamfanin da wuri. Kowace awa da aka sayar, daga hannun makaniki da mai fenti aka karɓe ta. Fenti ma yana son ya bushe kafin yaro ya jingina.

Na uku, tun da aka fara sayar da damar tsallake layi a 2021, kowane babban abin hawa ya zama mai kawo kuɗi da kansa, ba tikitin ƙofa kaɗai ba. Rufe shi wata huɗu don gyaran gaske ya ƙara tsada a idon mai lissafi, sai a yi ta faci.

Misalin da masu zuwa wurin suka fi yi wa dariya shi ne dodon da ke cikin dutsen Expedition Everest a Animal Kingdom, wani ɓangare na Disney World. An buɗe shi a 2006, dodo ne ƙato da ke kai wa jirgi cafka yayin da yake wucewa. Ba a daɗe ba ya daina motsi. Maimakon gyara sai aka haska masa fitila mai walƙiya don ido ya ɗauka yana motsi, har mutane suka laƙaba masa sunan dodon disko. Joe Rohde, wanda ya jagoranci zana wurin, ya yi alkawari a bainar jama'a a 2013 cewa zai gyara shi, ya yi ritaya a farkon 2021 dodo na nan tsaye. Wannan bai taɓa lafiyar kowa ba, jirgin kansa ana duba shi. Amma ya nuna miki yadda ake yanke hukunci: layi bai ragu ba don dodo ya tsaya, to wa zai sa hannu a kashe kuɗi? Jiragen da ke tafiya a kan titi ɗaya a sama, masu kai mutane ƙofar shiga, tun wajen 1989 zuwa 1991 aka sa su aiki, kuma a farkon 2018 wani fasinja ya ɗauki bidiyon ɗaya yana tafiya ƙofarsa a buɗe. Wannan kam ya wuce batun kwalliya.

Kada a ce tsufa ne kawai. Tokyo Disneyland tun 1983 take, kuma duk wanda ya je yana yabon tsaftarta da yadda komai ke aiki. Ba Disney ce ta mallake ta ba, wani kamfanin Japan ne mai suna Oriental Land, yana biyan Disney kuɗin suna da zane, kuma wurin shi ne babbar hanyar cin abincinsa. Ta Faransa kuwa, da aka buɗe a 1992, bashi ya danne ta shekara da shekaru har ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa da gansakuka, sai da Disney ta saye kusan dukkan hannun jarin a 2017 ta zuba kuɗi sannan ta farfaɗo. A 2023 kamfanin ya ce zai kashe dala biliyan 60 cikin shekara goma a wuraren wasa da jiragen ruwansa. Sabon gini shi ake yanka wa ƙyalle a kira 'yan jarida, don haka ni ba girman adadin nake kallo ba, ina kallon ko ana rufe tsofaffin abubuwan hawa a yi musu gyaran watanni.

Game da wanda ke sa musu ido, ya kamata ki san wani abu. Tun 1981 hukumar tarayya mai kula da amincin kayan masarufi a Amurka ba ta da iko a kan injinan wuraren wasa na dindindin, an bar wa jihohi. Kalifoniya tana dubawa da kanta. Fulorida kuwa ta keɓe manyan wurare masu ma'aikata sama da 1,000 da ke da nasu masu duba na cikakken lokaci, wato Disney da Universal da SeaWorld su ke duba kansu, sai dai su kai wa jiha rahoton duk wanda ya kwana asibiti sanadiyyar abin hawa, duk bayan wata uku. Wannan tsari bai kwanta mini ba, don mai kaya ba ya zama alƙalin kayansa. Duk da haka, idan aka auna yawan mutanen da ke hawa da yawan hatsarin da lalacewar inji ta jawo, adadin ƙanƙani ne ƙwarai, kuma tuƙin da za ki yi a babbar hanya zuwa Orlando, birnin da Disney World ke kusa da shi, ya fi duk abin da za ki hau a can haɗari. Da yawa daga cikin waɗanda ke cikin waɗancan rahotanni ma mutane ne masu ciwon zuciya ko hawan jini ko farfaɗiya da abin ya tayar musu.

Saboda haka ki kai yaran. Kafin ki sayi tikiti ki duba jerin abubuwan da aka rufe don gyara a shafin kamfanin, kada yaro ya zo da burin abu ɗaya ya tarar da shi a killace, kuma in kin ga jerin da tsawo kada ranki ya ɓaci, alamar ana aiki ce. Ku fara da manyan abubuwan hawa da sassafe, kafin zafi da hadarin la'asar. Ma'aunin tsawo da ke bakin layi ba ado ba ne, ƙarfen da ke riƙe fasinja an auna shi ne da girman jiki, don haka kada a sa wa yaro takalmi mai tudu ko a ce ya yi ɗage. Ki ja ƙarfen da hannunki bayan ma'aikaci ya wuce. Babban da ke da hawan jini ko ciwon baya, ko mai juna biyu, ya karanta allon gargaɗi ya yi aiki da shi. Idan abin hawa ya tsaya kuna ciki, ku zauna har ma'aikata su zo, fita da kai shi ne inda ake jin ciwo. In kuma kika ji ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe da ba ta yi kama da ta sauran jiragen ba, ko ƙarfen riƙo ya yi sako-sako, ki faɗa wa ma'aikacin da ke wurin sauka, ki nemi a kira shugabansa, ki ambaci jirgin da kujerar da kika zauna da lokacin da abin ya faru don su san wanda za su cire daga layi.